Laifin Dariya: Zanen Beryl Cook Tsakanin Matarka da Masu Saye

Gabatarwa

A ranar 28 ga watan Mayu na shekarar 2008 Beryl Cook ta rasu a birnin Plymouth da ke kudu maso yammacin Ingila, tana da shekara 81 a duniya. A lokacin rasuwarta, da wuya a sami mai zane a ƙasar wanda talakawa suka san aikinsa kamar yadda suka san nata. Zanenta yana kan katunan gaisuwa da kalandu, ya hau kan sarkin gidan waya a 1995, kuma bugaggun zane-zanenta masu lamba da sa hannu suna rataye a ɗakunan gidaje masu yawan gaske. Duk da haka, har ta bar duniya, gidan Tate na Landan, wanda aka ɗora wa nauyin tara fasahar Birtaniya a madadin al'umma, bai mallaki aikinta ko guda ba.

Wannan hukunci na manyan matarkan zane kuskure ne, kuma kuskuren bai tsaya a kan mace ɗaya ba. Tuhuma uku aka yi ta maimaitawa a kanta: cewa zanenta abin dariya ne kawai, cewa ba ta yi karatun zane ba kuma salonta ɗaya ne, da cewa hajar kasuwa ce da ake bugawa ɗari-ɗari. Idan aka auna waɗannan tuhumce-tuhumce da mudun da ake auna wa sauran masu zane, babu wadda take cika. Haka kuma, tururuwar da masu tara zane-zane suke yi wa aikinta ba ta isa hujjar nagarta ba, domin su ma suna da nasu ruɗin da ya kamata a fito da shi fili. Batun ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye, saboda irin wannan ma'auni mai son kai ya daɗe yana aiki a fagen tarken adabi.

Wace ce Beryl Cook?

An haife ta a ranar 10 ga watan Satumba na 1926 a garin Egham, ta tashi a Reading, kuma ta bar makaranta tun tana ƴar shekara goma sha huɗu. Ta auri John Cook, ma'aikacin jirgin ruwa, a 1948. A 1956 suka yi ƙaura zuwa Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabuwe ta yau, kuma a zamansu na Afirka ne ta fara taɓa buroshi da fenti, ba tare da wani malami ya zaunar da ita ba. Bayan sun koma Ingila a tsakiyar shekarun 1960 sun zauna a yankin Cornwall, sannan a 1968 suka tare a Plymouth, inda ta riƙa kula da gidan saukar baƙi a bakin teku. Da rani tana hidimar baƙi, da hunturu kuma, idan ƙafa ta ɗauke, sai ta koma zane da fentin mai a kan allunan katako.

Tana da shekara 49 aka fara baje kolin aikinta a Cibiyar Fasaha ta Plymouth, a 1975. Shekara guda bayan haka mujallar jaridar Sunday Times ta sa zanenta a bangonta, gidan zane na Portal da ke Landan kuma ya fara sayar da ayyukanta. Littafinta na farko ya fito a 1978, shirin talabijin na South Bank Show ya yi fim a kanta a 1979, aka kuma ba ta lambar girma ta OBE a 1995. Mace ce mai tsananin kunya, wadda ko bikin buɗe baje kolin aikinta ba ta son halarta. Dabararta ita ce ta zauna a lungu a wurin taruwar jama'a, ta riƙa zana abin da ta gani a ɓoye a kan ƴan ƙananan katuna da take ajiyewa cikin jakar hannu, in ta koma gida ta mayar da su cikakken zane.

Jigo da salo

Taurarin zanenta mutanen titi ne: matan da suka fita shan iska cikin kwalliya, matuƙan jirgin ruwa da suka sauka hutu, masu kwashe shara, tsofaffin mata a filin wasa, masu gwajin takalma a kanti, masu rawa, da ma'abota mashayu irin su Dolphin da Lockyer na Plymouth. Kusan kowa a cikinsu mai ƙiba ne, da kumatu cike, da yatsu gajeru masu kauri, da ƴan ƙafafu ƙanana cikin takalma masu tsini. Ita kanta ta sha bayyana cewa abin da ke motsa ta ta yi zane shi ne ganin mutane suna jin daɗi, kuma ta taɓa yin ba'ar cewa mutum mai ƙiba yana rage mata wahalar cike bayan zane.

Wanda ya saba da tarken adabi zai gane wannan salo nan take, domin kambamawa ce. Ana ƙara girman abu don a jawo ido zuwa gare shi. Sai dai kambamawar Cook ta bambanta da zambo. Mai zambo yana kambama aibi don ya ƙasƙantar da wanda ya nufa, ita kuwa tana kambama jiki don ta ba mai shi fili da izza. Matan zanenta ba sa sunkuyar da kai, ba sa neman afuwar kowa a kan ƙibarsu ko shekarunsu. Rahar tana fitowa ne daga abin da ke faruwa tsakanin mutanen: harara ta wutsiyar ido, hannu da ya miƙa inda bai kamata ba, fuskar wanda ake yi da shi alhali bai sani ba. A taƙaice, kowane zane gajeren labari ne da aka tsayar a daidai ƙololuwarsa, kuma tsayar da labari a wannan gaɓa aiki ne da ke buƙatar sanin zubi da tsari.

Yadda zane ɗaya ke zama ɗaruruwa

Kafin a shiga gardama, ya kamata a fahimci abin da masu tarawa suke saye. Zanen asali na fentin mai guda ɗaya ne, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ma'aikaci. Abin da ya kai aikin Cook gidajen jama'a shi ne bugu. Mafi daraja a cikin bugunta shi ne wanda za a iya kira bugun rariya, wato irin dabarar da ake buga rubutu a jikin riguna da tutoci. Ana ɗaure ƙyalle mai ƙananan ƙofofi a jikin firam, a toshe wuraren da ba a son launi ya ratsa, sannan a ja tawada a kansa da wani faffaɗan roba har ta sauka a takarda. Kowane launi da rariyarsa, don haka zane mai launuka da yawa yakan bi ta ƙarƙashin rariya da yawa, ɗaya bayan ɗaya, kuma dole kowace ta faɗa daidai kan ta baya. Akwai kuma bugun da injin maɗaba'a ke yi daga hoton zanen, wanda ya fi sauƙi ya kuma fi araha.

Abin da ke ba irin wannan takarda daraja shi ne ƙayyade adadi. Mawallafi yakan yi alkawarin cewa kwafi kaza kawai za a buga, mai zane ya duba su, ya sa hannu da fensir a ƙasan kowane. Idan aka ga an rubuta 48/300, alal misali, ma'anarsa kwafi na arba'in da takwas ne cikin ɗari uku. Akan ware wasu ƴan kaɗan a matsayin kwafin gwaji na mai zane. Ke nan mai saye yana biyan kuɗin abu uku a haɗe: hoton da kansa, sa hannun mai shi, da alkawarin cewa ba za a ƙara bugawa ba.

Tuhuma ta farko: wai abin dariya ne

Raina raha tsohuwar ɗabi'a ce a tarken Turai. Tun a zamanin Girkawa, Aristotal ya bayyana wasan ban dariya a matsayin kwaikwayon mutanen da ba su kai matsakaici ba, wasan ban tausayi kuwa kwaikwayon waɗanda suka fi. A ƙarni na 17 makarantar zane ta sarautar Faransa ta jera nau'o'in zane hawa-hawa: zanen tarihi da addini a sama, zanen rayuwar yau da kullum a ƙasa da shi nesa. An daɗe da daina koyar da wannan jeri, amma tasirinsa bai bar zukatan matarka ba. Shi ya sa aka riƙa kwatanta aikin Cook da katunan ba'a na bakin teku irin na Donald McGill, da nufin a nuna wurin zamansa shi ne rumfar mai sayar da tsaraba.

Tarihin gidajen adana zane da kansu ya ƙaryata wannan tuhuma. William Hogarth, wanda ya rayu daga 1697 zuwa 1764, ya yi suna ne da bugaggun zane-zane masu cike da ba'a a kan mashaya da karuwai da mayaudaran Landan, kuma yau Tate yana alfahari da ayyukansa. Honoré Daumier na Faransa ya yi zanen barkwanci kimanin dubu huɗu ta hanyar bugun dutse, akasarinsu don jaridu, har aka ɗaure shi wata shida a 1832 saboda ya zana Sarki Louis-Philippe a matsayin ƙaton mai haɗama. Yau babu littafin tarihin zanen Turai da zai tsallake shi. Pieter Bruegel na ƙarni na 16 ya zana ƙauyawa suna ci suna sha suna rawa, kuma manyan gidajen tarihi suna riritar ayyukansa. Idan raha tana soke darajar zane, to a fara sauke waɗannan uku daga bango.

Hasali ma Tate bai ƙi ba'a ba. A 1999 ya mallaki ɗaya daga cikin kwafin da aka yi a 1964 na mazubin fitsarin da Marcel Duchamp ya gabatar a matsayin aikin fasaha a 1917. A shekarar 2000 ya biya sama da fam dubu 22 ya sayi gwangwani ɗaya daga cikin casa'in da Piero Manzoni na Italiya ya rufe a 1961, ya rubuta a jikinsu cewa bayan gidansa ne a ciki. Dukkan biyun shaguɓe ne ga duniyar fasaha, kuma suna da muhimmancinsu a tarihi. Bambancinsu da aikin Cook shi ne cewa ba a gane ba'arsu sai an karanta sharhi, ita kuwa tata direban bas ma yana gane ta kafin masani ya buɗe baki. Abin da aka hukunta, ke nan, shi ne dariyar da ba ta buƙatar tafinta. Matarkin da sana'arsa ita ce fassara yana da dalilin jin haushin irin wannan dariya, amma dalilin nasa ne, bai shafi ingancin zanen ba.

Tuhuma ta biyu: wai ba ta yi karatu ba, kuma salonta ɗaya

Gaskiya ne Cook ba ta shiga makarantar zane ba. Amma rashin takardar shaida bai hana a karɓi Henri Rousseau, ma'aikacin karɓar haraji a Faransa, ba, kuma bai hana Tate tara ayyukan Alfred Wallis, tsohon masunci na Cornwall da ya fara zane bayan ya tsufa, ba. Bugu da ƙari, kiran ta jahilar zane bai dace da abin da ke kan allo ba. Ta yi nazarin ayyukan Stanley Spencer da Edward Burra, ta kuma faɗi da bakinta cewa sun yi mata tasiri. Daga Spencer ta ɗauko cikar jiki da cunkoson mutane a fili ɗaya, daga Burra kuma son mashayu da rayuwar dare. Dukansu biyu suna cikin taskar Tate. Mai duba zanenta da natsuwa zai ga yadda take sarrafa mutum biyar ko shida a ɗan ƙaramin fili ba tare da ido ya ɓace ba, da yadda take bambanta laushin gashin dabba da ƙyallin fatar jaka da saƙar safa. Ƴar wasan barkwancin nan Victoria Wood ta kwatanta ta da Rubens, babban mai zanen jikkuna masu cika, sai dai Rubens mai ba'a.

Maganar salo ɗaya kuwa, wadda matarki Brian Sewell ya fi kowa zafafawa a kanta, yana ganin aikin dabara ce ta kasuwa da marasa wayo ke saye, ita ma ba ta tsallake gwaji ba. Fernando Botero na Kolombiya, wanda ya rasu a 2023, ya shafe sama da shekara sittin yana zana mutane da dabbobi masu kumburarren jiki, kuma tun 1961 gidan zanen zamani na New York ya sayi aikinsa. Mark Rothko ya kwashe kusan shekara ashirin na ƙarshen rayuwarsa yana zana faffaɗan murabba'ai masu launi, Tate kuma ya ware wa ayyukansa ɗaki na musamman. Idan namiji mai suna ya tsaya a kan hanya ɗaya sai a ce ya sami muryarsa, idan mai gidan saukar baƙi ta yi haka sai a ce ta sami dabarar cin kasuwa. Mudu biyu ake aunawa da su, kuma mai awo da mudu biyu ba a karɓar shaidarsa.

Tuhuma ta uku: wai hajar kasuwa ce

Wannan ita ce tuhumar da ta fi kama da gaskiya, don haka ta fi cancantar amsa. Masu ita suna cewa bugaggun zanen Cook ba ayyukan hannunta ba ne: ta yi zanen da fentin mai, ƙwararrun maɗaba'a suka mayar da shi bugu, ita kuma ta sa hannu. Haka abin yake. Amma haka yake ga Bruegel, wanda wasu masassaƙa suka riƙa sassaƙa zanensa a kan farantan tagulla a birnin Antwerp. Haka yake ga Hokusai na Japan, wanda shahararren zanensa na babbar igiyar ruwa, na wajajen 1831, wasu ne suka sassaƙa shi a katako, wasu suka buga shi dubbai, aka sayar da arha ga mutanen gari. Haka yake ga Andy Warhol na Amurka, wanda ya yi amfani da bugun rariya da hannun mataimaka, ya ma kira ɗakin aikinsa masana'anta, kuma hotonsa na Marilyn Monroe na 1962 yana cikin abubuwan da Tate ya fi tinƙaho da su.

Neman kasuwa ma ba sabon abu ba ne. Hogarth ya sayar da jerin zanensa na 1732 a kan rayuwar wata karuwa ga masu biyan kuɗi tun kafin bugu, sama da mutum dubu. Da masu satar fasaha suka dame shi, shi ya jagoranci neman dokar kare haƙƙin masu sassaƙa zane ta 1735, wadda har yau ake kira da sunansa. Babu wanda ya ce wannan ya zubar masa da daraja. Daɗin daɗawa, a shekarar 1976 da Sunday Times ta gabatar da Cook ga ƙasa, a cikinta ne jaridar ta tayar da ƙura a kan tubala 120 na Carl Andre da Tate ya saya a 1972. Tubalan nan ba Andre ne ya ƙera su ba, jera su kawai ya yi. Gidan ya kare sayensu da hujjar cewa tunanin mai fasaha shi ne aikin, ko da hannun wani ne ya yi kayan. Hujjar tana da ƙarfi, kuma wanda ya yarda da ita ba shi da bakin cewa bugun Cook ba nata ba ne.

Abin da ya rage a ƙarƙashin wannan tuhuma shi ne tambayar su wane ne masu saye. Aikin da attajirai goma suke takara a kansa a wurin gwanjo hajar kasuwa ne, kamar yadda wanda ma'aikatan jinya ɗari uku suka saya yake. Ana kiran na farko fasaha, na biyu kuma kasuwanci, alhali bambancinsu yana cikin aljihun mai saye.

Inda masu suka suke da gaskiya

Kare Cook ba ya nufin ɗaukaka ta sama da matsayinta. Duniyar zanenta ƙarama ce. Babu baƙin ciki a cikinta, babu yunwa, babu washegarin daren da aka kwana ana sha. Hogarth ya zana titin masu shan barasa a 1751 don ya nuna yadda giya ke rusa iyali, Daumier ya zana masu mulki har ya sha ɗauri, ita kuwa ba ta yi wa kowa wa'azi ba, ba ta kuma tsokani mai iko ba. Wanda ya ce ba ta kai waɗannan biyu faɗi da zurfi ba ya faɗi daidai. Haka kuma mai karatu da tarbiyyarsa ba ta yarda da mashaya da shigar da ke bayyana jiki ba yana da cikakken haƙƙin ƙin rataya irin wannan zane a ɗakinsa.

Sai dai a lura, matarkan Landan ba don kare tarbiyya suka ƙi ta ba, domin bangayen gidajensu cike suke da abin da ya fi nata tsiraici. Kuma gidan adana fasahar ƙasa ba taron zakaru kaɗai ba ne, taska ce da ake ajiye shaidar yadda al'umma ta ga kanta. Wanda yake son sanin yadda matan ma'aikata na garuruwan bakin tekun Ingila suka yi ado, suka yi nishaɗi, suka tsufa a shekarun 1970 da 1980, zai sami amsa a zanen Cook fiye da yadda zai samu a ayyukan da yawa daga cikin waɗanda aka fifita a kanta. Julian Spalding, wanda ya jagoranci buɗe gidan zanen zamani na Glasgow a 1996, ya gane haka ya sa ayyukanta a ciki. Cibiyar Baltic ta Gateshead ta baje su a 2007, Studio Voltaire na Landan kuma a 2024. Ƙofofin da aka rufe suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, alhali zanen bai canja ba.

Ruɗin masu tarawa

Masu tara zanen Cook iri biyu ne. Na farko su ne waɗanda suka ga gwaggonsu ko maƙwabciyarsu ko su kansu a cikin hoton, suka saya don su riƙa kallo. Waɗannan ba su yi asara ba ko da farashi ya faɗi, domin sun riga sun karɓi abin da suka biya. Na biyu su ne waɗanda suka ɗauki takardar a matsayin jari, kuma su ne suka fi buƙatar gargaɗi. Kalmar ƙayyadadden bugu ba ta da ma'ana sai an san adadin, domin kwafi ɗaya cikin hamsin da kwafi ɗaya cikin ɗari shida ba ɗaya ba ne, kuma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Bugun rariya da bugun injin maɗaba'a da bugun na'urar kwamfuta mai fesa tawada duk ana iya tallata su da suna ɗaya. Sa hannun da aka yi da fensir daban yake da wanda aka buga tare da hoton. Takardar da hasken rana ya kashe wa launi ko danshi ya ɓata ta rasa mafi yawan kuɗinta. Wanda ya saya ta intanet bai tantance waɗannan ba ya sayi kifi a ruwa.

Babban ruɗin kuwa shi ne a ce tunda ana saye da tsada, aikin nagari ne. Wannan ita ce hujjar matarka da aka juya ta baibai. Su sun ce yawan masu saye alamar rashin inganci ne, waɗannan sun ce alamar inganci ne, kuma dukansu sun bar zanen suna kallon rasit. Farashi yana nuna yawan masu so da ƙarancin abin da ake so. Ingancin zane kuwa sai an dube shi: yadda aka tsara mutanen, yadda aka kama halinsu, da ko yana ci gaba da ba da wani abu bayan kallo na goma.

Abin da ɗalibin Hausa zai ɗauka

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a nazarin Hausa. A shekarun 1990, da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano suka kuma tsallaka har Maraɗi da Damagaram, an laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu a kan ko sun cancanci a kira su adabi. Tuhumar iri ɗaya ce da ta Cook: marubutan ba su yi zurfin karatu ba, da yawansu mata ne, jigonsu ɗaya, kuma ana saye da yawa. Daga baya aka fassara littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, zuwa Ingilishi a 2012, kuma littattafan da aka raina suka zama abin rubuta kundayen digiri. A cikinsu akwai masu kyau akwai marasa kyau, kuma ba a iya rarrabe su ba sai da aka daina yi musu kuɗin goro aka zauna aka karanta.

Haka batun raha yake. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ya ginu ne a kan ramuwar ba'a tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kuma babu malamin da ya cire shi daga manhaja saboda yana sa dariya. Wasannin Yazi Dogo a Nijar sun isar da suka ga ma'aikata da masu gari ta hanyar barkwanci, a inda doguwar lacca ba za ta sami masu saurare ba. Al'ummar da take da wasan barkwanci tsakanin taubasai da tsakanin ƙabilu ta san cewa dariya hanya ce ta faɗar abin da ba ya faɗuwa kai tsaye. Ɗalibin da ya fito daga irin wannan al'umma bai kamata ya aro raina raha daga littattafan tarken Turai ba tare da ya tambayi asalinsa ba.

Kammalawa

An tuhumi Beryl Cook da ba da dariya, da rashin takardar makaranta, da kuma karɓuwa a kasuwa. Hogarth da Daumier sun ba da dariya, Rousseau da Wallis ba su da takarda, Hokusai da Warhol sun buga sun sayar, kuma dukansu suna kan bangayen da aka hana ta. Abin da ya bambanta ta shi ne cewa ta zana talakawa suna jin daɗi, talakawan kuma suka gane zanen suka saya ba tare da sun nemi izinin masana ba. Ba ta kai Hogarth ba, kuma tsadar bugunta ba ta tabbatar da komai a kan ingancinsa. Haƙƙinta shi ne a auna ta da mudun da aka auna sauran, a ajiye mafi kyawun ayyukanta a taskar ƙasarta, a bar raunana. Wannan shi ne haƙƙin kowane marubuci da mawaƙi da ɗan wasan da jama'a suka so kafin jami'a ta waiwaye shi, kuma ɗalibin da zai rubuta tarke a kan ɗayansu ya fara da karanta aikin tukuna.